Hutun Kirsimati a ƙasar sanyi: tarihin yaranmu da suka tafi karatu Turai



Yau za mu taɓa tarihin yaran ƙasarmu da suka tafi karatu Turai tun zamanin mulkin Nasara. Mako biyu kawai za mu duba cikin shekararsu, wato hutun Kirsimati. Mako biyu ba yawa. Amma ga baƙo, sun fi sauran shekarar nauyi. Kuma cikinsu ne aka ƙulla wani abu da ya taɓa ƙasarmu baki ɗaya.

Kirsimati a nan da Kirsimati a can

Kirsimati salla ce ta Kirista. Ana yin ta ranar 25 ga watan Disamba, don tunawa da haihuwar Annabi Isa. Masu jin Faransanci suna ce mata Nowel. Mu nan Jiratawa mun san ta. Ƴan Mishan sun zauna Tsibiri tun kafin 1930, kuma su ne suka gina likitar Danja, nan kusa da mu. Maƙwabtanmu Kirista sukan yi ɗinki, su dafa abinci, su aiko mana. Ma'aikatan gwamnati sukan huta. Amma kasuwa tana ci, mai lambu yana ban ruwa, gari yana nan yadda aka san shi.

A Faransa abin ya sha bamban. Can sallar kowa ce, da mai zuwa majami'a da wanda ba ya zuwa. Ana rufe makarantu wajen mako biyu. Kowane ɗan makaranta ya ɗaure kayansa, ya shiga jirgin ƙasa, ya nufi gidan iyayensa. Ranar 24 da dare iyali su taru, su rufe ƙofa, su ci abinci. Sallarsu ta cikin ɗaki ce. Ba su da al'adar yawon barka da salla gida gida. Wanda ba a kira ba, ba ya zuwa. Ranar 25 kantuna a rufe, titi shiru.

Sannan ga sanyi. Hunturunmu da muke kuka da shi, wasa ne a kan nasu. A birnin Faris ruwa yakan daskare a waje. Rana ba ta fitowa sai tara saura, kuma kafin ƙarfe biyar na marece ta faɗi. Yini awa takwas ne da ɗan kai. Sauran duk dare ne.

To, ku ɗauki yaro ɗan Maraɗi ko ɗan Tasawa, ku aje shi cikin wannan gari. In Musulmi ne, sau biyu yake hasara. Ranar Ƙaramar Salla da ranar Layya makaranta a buɗe take, yana aji, babu wanda ya san ranar tana da wani suna. Ranar Kirsimati kuma an ba shi hutu, amma ba shi da gidan zuwa. In Kirista ne, sallarsa ce ta zo, ga majami'a cike da mutane, amma babu uwa, babu ƙane, babu mai ce masa barka da harshen gida.

Duk wanda ya taɓa tafiya biɗa, Salla ta riske shi a Legas ko Abijan, ya san ɗanɗanon wannan abu. Almajirin da ya tafi gabas shi ma ya san shi. Sai dai mai biɗa yana da zango, almajiri yana da tsangaya. Yaran farko da suka je Turai ba su tarar da ko ɗaya ba.

Dorugu, yaron Damagaram

Bahaushe na farko da muka san labarin zamansa a Turai da bakinsa, sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi bauta, aka sayar da shi har ya kai Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe matafiyi ya ƴanta shi. Da mutumin ya rasu a 1852, sai Dorugu ya koma hannun abokin tafiyarsa, Bart, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Ya bi shi Katsina da Sakkwato da Sayi, har Tumbutu. Daga baya suka ƙetare hamada. Cikin watan Satumba na 1855 suka sauka Landan, su da wani yaro mai suna Abega.

A Ingila Dorugu ya zauna gidan wani malamin Mishan mai suna Shon, wanda yake nazarin Hausa. Dorugu ya koyi karatu da rubutu. Shi kuma yana faɗa wa Shon kalmomi da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, Shon yana rubutawa. Da taimakonsa aka buga littafin nahawun Hausa a 1862. Labarin da ya bayar kuma yana cikin littafin Magana Hausa, wanda ya fito a 1885.

Abega ya koma Afirka a 1857. Dorugu bai komo ba sai 1864. In kun lissafa, Kirsimati tara ya yi a Turai, bakwai daga ciki ba tare da abokin tafiyarsa ba. Ba ƙungiya, ba ɗan gari, ba hanyar aika saƙo Dambanas. Bayan ya komo ya yi aikin tafinta shekaru da yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, a can ya rasu a 1912. Shi kaɗai ya sha nasa sanyin. Waɗanda suka biyo bayansa sun samu wata dabara, za mu zo kanta.

Hanyar Dakar

Da Nasara suka ci ƙasarmu, ba su buɗe lakkwal da yawa ba. Har ranar da muka samu mulkin kai a 1960, cikin yara ɗari da suka isa shiga makaranta, ko biyar ba su cika a aji ba. Babbar makaranta kuwa babu ita sam. Yaron da ya yi fice sai a tura shi Senegal, makarantar Wilyam Ponti. Da tana tsibirin Gore, tsakiyar ruwa, gaban Dakar. A 1938 aka mai da ita wani gari mai suna Sebikotan. Can ake horar da malaman lakkwal, da ma'aikatan bariki, da masu shirin karatun likita, na ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka.

Bubu Hama ya gama Ponti a 1929, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito da takardar malanta daga can. Jori Hamani ya bi bayansa. Ya koyar a Yamai da Maraɗi, sannan a 1938 aka kai shi Faris yana koya wa Turawa Hausa da Zabarmanci. Jibo Bakari shi ma ɗan Ponti ne.

Ku dubi tsawon hanya. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, a bayan babbar mota, ba kwalta. Daga Yamai a bi Doso da Gaya, a ƙetare kogi, a shiga Dahome, wadda yau ake kira Benin. A Paraku a hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano. Daga nan sai jirgin ruwa zuwa Dakar. Mai wucewa Faransa ya ƙara wajen mako guda bisa teku, kafin ya sauka Bordo ko Marsai. Wa zai yi wannan tafiya cikin hutun mako biyu? Ko da jirgin sama ya shigo, kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan makaranta. Gida sai babban hutun damina, shi ma ba kowace shekara ba.

Wasiƙa ce kawai igiyar da ta rage. Ita ma sai ta yi makonni a hanya. In ta iso ƙauye, sai uba ya ɗauke ta ya nemi mai karanta masa. Abin da yaro zai so faɗa wa uwarsa a ɓoye, ba ya rubuta shi, don ya san ta bakin wani za ta ji. Sai ya ce yana lafiya, karatu yana tafiya, a gaida kowa da kowa.

Faris bayan yaƙi

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, sai ƙofa ta ɗan buɗe. Daga 1946 aka soma bai wa yaran Afirka kuɗin tallafi, wanda suke kira burs, don su je Faransa karatu mai zurfi. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a ƙasashenmu. Ta Dakar ma sai 1957 ta zama cikakkiyar jami'a.

Faransar da suka tarar ba ta wadata ba ce. Yaƙi ya rushe gidaje. Sai a 1949 aka daina sayar da abinci da tikiti. Ɗakin haya yana wuya ga ɗan ƙasa ma, balle baƙo. Sau da yawa yaro ya ga sanarwar ɗaki, ya je, mai gida ya dubi fatarsa ya ce an riga an kama. Wanda ya samu, ƙaramin ɗaki ne can ƙarƙashin rufi, hawa shida ko bakwai, ba abin ɗumama ɗaki sai ka sayi gawayi. Burs kuma takan makara. In ta makara cikin Disamba, to yaro ya zaɓa: gawayi ko abinci.

Tarin huka ya kama da yawa daga cikinsu. Akwai gidan jinya na ƴan makaranta bisa duwatsu, kusa da garin Garnobul. Wanda aka kai can sai ya yi watanni, shekarar karatu ta tafi. Wasu kuma ƙasar Faransa ce ta rufe su.

An samar musu gidaje biyu a Faris. Ɗaya a titin Poniyatoski, wanda suke ce wa Poniya, na yaran Afirka ta Yamma. Ɗaya kuma a unguwar ƴan jami'a, an buɗe shi a 1951. Amma ba su isa ba. Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, yana nan ga mai son jam'i. Yaran Katolika kuma sun yi ƙungiyarsu da ƴar jaridarsu mai suna Tam-Tam. Cikinsu har da Ki-Zerbo, ɗan ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, wanda ya zama babban masanin tarihi.

Cikin waɗanda suka sauka Faris a 1949 akwai wani saurayi ɗan shekara ashirin, Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi ƙaramar makaranta a Damagaram, ya wuce Yamai, ya wuce Ponti da Dakar. Ya zo karatun lissafi da kimiyya. Ku riƙe sunansa.

Taron Bordo

A farko yaran Afirka a warwatse suke. Akwai na Faris, akwai na Bordo, na Tuluz, na Mompeliye, na Liyon. Kowane gari da ƴar ƙungiyarsa. Kowa yana kuka da burs da ɗaki, amma kukan bai haɗu wuri ɗaya ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaushe za a haɗu? Lokacin karatu ba dama. Babban hutu kuwa wasu sun tafi gida, wasu suna ƙwadago don su tara kuɗin riga mai kauri. Sai ƙananan hutu suka rage. Cikin watan Afirilu na 1950 suka yi zaman share fage a Liyon. Sannan suka sa rana cikin hutun Kirsimati. Lokacin kowa ba ya da aji, kuma kowa ba ya da gidan zuwa.

Haka aka yi. A kwanakin ƙarshe na Disamba 1950, wakilan Faris da Tuluz da Mompeliye suka shiga jirgin ƙasa, suka iske na Bordo. Turawa suna cikin gidajensu suna cin sauran kajin salla, su kuwa suna ɗaki guda suna muhawara. Kafin sabuwar shekara ta kama sun kafa ƙungiya ɗaya, ta dukan ƴan makarantar Afirka baƙar fata da ke Faransa. Sunanta a taƙaice FEANF.

Ranar 21 da 22 ga Maris 1951 suka yi babban taro na farko a Faris, suka zaɓi shugabanni. Ga abin mamaki: mace suka ɗora a gaba. Sunanta Solanj Falade, ƴar Dahome, mai karatun likita. Magatakarda shi ne Amadu Mahtar Mbo na Senegal, wanda daga baya ya shugabanci hukumar UNESCO ta duniya daga 1974 zuwa 1987. Ma'aji kuwa, wanda aka danƙa wa asusu, shi ne Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa. A ƙarshen wannan shekara an ƙiyasta yaran Afirka da ke karatu a Faransa sun kai wajen 2000, kuma kusan rabinsu sun shiga ƙungiyar.

Maƙwabtanmu na ƙasar Ingilishi sun riga su. Tun 1925 yaran Najeriya da Gana da Saliyo suka kafa ƙungiyarsu a Landan, mai suna WASU, har suka buɗe gidan saukar baƙi a 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatun malanta a Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya je a shekarar da ta biyo. Ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya suka samo.

Yadda ƙungiyar take aiki

An tsara ta hanya biyu. Kowane garin da ke da jami'a yana da reshe. Kowace ƙasa kuma tana da nata reshen: na Senegal, na Gine, na Kamaru, na Nijar, da sauransu. Saboda haka yaro yana da dangi biyu, na garin da yake zaune da na ƙasar da ya fito.

Aikin farko na ciki ne da na makwanci. In burs ta makara, ƙungiya ta je ofis ta yi magana da murya ɗaya. In sabon yaro ya sauka daga jirgi, a tarbe shi, a nema masa wurin kwana, a nuna masa inda ake sayen riga mai araha. In wani yana gidan jinya, a je a duba shi. Abin da sarkin zango yake yi wa baƙo a Kumasi, shi suka koma yi wa junansu.

Bayan ƴan shekaru sai babban taron shekara ya koma ƙarshen Disamba, ya zauna nan ya zama al'ada. Ɗan makaranta ya daina fargabar hutun Kirsimati. Ya san akwai inda za shi. Wakilai su zo daga kowane gari. Mai ɗaki ya raba shimfiɗa da baƙo. A yini ana magana, a kai dare ana gardama, a yi zaɓe. In an tashi a dafa shinkafa da miyar gujiya, a sa faifai, a yi rawa. Ɗan Nijar ya zauna da ɗan Kwango, wanda da bai san ko ina ƙasarsa take ba. Kowa ya ba da labarin garinsu: aikin tilas, da haraji, da kumandan. Sai suka gane ashe bulala ɗaya ce take dukansu.

Daga nan magana ta tashi daga kan burs ta koma kan ƙasa. Suka soma tambaya: don me ƙasarmu ba ta da jami'a? Don me sai mun ƙetare teku? Wa ke yanka kuɗin gujiya da auduga? Suka fitar da jarida a 1954, ƴan sandan Faransa suka sha kwashe ta. Wanda ya cika baki, a yanke masa burs.

Disamba 1957

Duniya tana motsi a lokacin. A 1955 ƙasashen Asiya da Afirka sun yi taro a Bandun, ƙasar Indunisiya, sun ce mulkin mallaka ya isa. Ana yaƙi a Aljeriya. Ranar 6 ga Maris 1957 Gana ta samu mulkin kai. Faransa kuwa ta yi wata doka a 1956, ta ba kowace ƙasa ƴar gwamnatinta, amma linzami yana hannun gwamna.

Yawancin manyan ƴan siyasarmu na lokacin suna ganin a bi a hankali, a zauna tare da Faransa a gyara zama. Kalmar mulkin kai tana da nauyi a bakinsu. Yaran ba su ji nauyinta ba. A taronsu na takwas, wanda suka yi a Faris daga 27 zuwa 31 ga Disamba 1957, suka faɗe ta a fili. Suka ce gyare-gyaren da ake yi ba za su kai ko'ina ba, cikakken ƴanci ake so, kuma jama'ar ƙasa ce za ta ƙwato shi da kanta.

Wata tara bayan haka Janar Dagol ya kawo ƙuri'ar raba gardama, ranar 28 ga Satumba 1958. Mai cewa i ya zauna cikin tarayya da Faransa. Mai cewa a'a ya tafi da ƙasarsa nan take. FEANF ta ce a'a, kuma yaranta da suka zo hutu suka shiga gari suna faɗa. A Nijar jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta ce a'a, amma i ce ta yi rinjaye. Gine kaɗai ta fita. Faransa ta kwashe malamanta da likitocinta daga can cikin fushi. Sai tsofaffin ƴan ƙungiyar daga ƙasashe dabam dabam suka tafi Konakiri don su toshe gurbin.

Kada mu ba yaran abin da ba nasu ba. Ba su kaɗai suka kawo mulkin kai ba. Akwai jam'iyyu, akwai ƙungiyoyin ma'aikata, akwai tsofaffin soja, akwai manoma da mata ƴan kasuwa da suka sha wuya a nan gida. Abin da yake nasu shi ne sun riga manya furta kalmar. Shekara biyu da wata bakwai bayan wancan taron na Disamba, ranar 3 ga Agusta 1960, Nijar ta samu mulkin kai.

Bayan haka ƙungiyar ta ci gaba da taronta na Disamba. Ta juya tana sukar sababbin gwamnatocin Afirka, su ma suka riƙa yanke burs, wasu yaran suka komo gida suka faɗa kaso. Rigingimun siyasa suka raba kan ƴaƴanta. A 1980 gwamnatin Faransa ta rushe ta.

Abin da suka komo da shi

Mu koma kan ma'ajin nan. A 1956 Abdu Mumuni ya ci jarrabawar manyan malamai ta Faransa a fannin kimiyyar fizik. Kafin shi babu ɗan Afirka baƙar fata na ƙasashenmu da ya ci ta a wannan fanni. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai. Daga 1961 zuwa 1964 ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda sanyi ya fi na Faris. Ku ji abin da ya je koyo cikin ƙanƙara: yadda za a sa rana aiki. Mutumin da ya yi shekaru yana kewar rana, ya gane dukiya ce muke da ita a banza bisa kanmu.

Ya yi aiki a Bamako, sannan a 1969 ya komo Yamai ya riƙe ofishin makamashin rana, ONERSOL, har 1985. A can suka ƙera tukwanen zafafa ruwa da murhun girki masu aiki da rana, suka gwada injin jawo ruwa. Duk mai lambun da yau yake ban ruwa da faifan sola, ya san mutumin ya hango nesa. A 1964 ya buga littafi kan ilimi a Afirka. A ciki ya ce a koyar da yara da harshen uwa, a koya wa manya karatu da harshensu. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Maraɗi ma tana da nata. Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, haifaffen Maraɗi a 1934, ya yi karatun kimiyya a Faransa. Ya riƙe ministan ilimi na Nijar, sannan daga 1974 ya shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci. Jami'ar Maraɗi sunansa take ɗauke da shi.

Yau fa?

Abubuwa da yawa sun sake. An buɗe babbar makaranta a Yamai a 1971, jami'ar Musulunci ta Sayi a 1986, ta Maraɗi a 2010. Yaron Jiratawa yana iya karatun jami'a, ya zo gida cin tuwo ranar hutu. Hanyar Faransa ta ƙuntata tun da ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairu na 2024. Amma yaranmu suna tafiya Maroko da Aljeriya da Tunisiya, da Turkiyya da Rasha da Sin da Indiya, da Najeriya nan kusa. Wasiƙar da take yin makonni ta zama saƙon murya a WhatsApp. Uwa tana jin ɗanta da kunnenta, ba ta bakin wani ba.

Abu ɗaya bai sake ba. Kowace ƙasa tana da ranar da ƴaƴanta suke watsewa su tafi gida, a bar baƙo shi kaɗai cikin gidan kwanan makaranta. A Turai da Amurka Kirsimati ce. A Sin sabuwar shekararsu ce. A Maroko ranar Layya ce, kuma zafinta bai ragu ba don ana kiran salla a garin. Waya tana rage kewa, amma ba a cin abinci da ita.

Saboda haka, wanda yake da ɗa ko ƙane a waje, ya tambaye shi yaushe ne babban hutun ƙasar da yake. Ya riƙe ranar. In ta zo ya kira shi. Kada tambaya ta tsaya kan jarrabawa da yaushe za a soma aiko kuɗi. A ce masa: ɗana, da wa za ka ci abinci yau? Ka san inda ƴan ƙasarmu suke taruwa? In ya ce bai sani ba, a matsa masa ya nema. Kusan ko'ina yaranmu suke, suna da ƙungiya. Gadon mutanen Bordo ke nan.

Mu ma muna da baƙi. A jami'ar Maraɗi akwai yaran Difa da Agadas da Tilaberi, waɗanda kuɗin mota ba ya barinsu zuwa gida kowace Salla. Akwai malamin lakkwal da ma'aikacin likita da aka turo ƙauyenmu daga nesa. Mu ƙofarmu ba a rufe take ranar Salla ba. Wanda ya yanka rago, ya aika yaro ya kira su.

Allah shi maido mana da na nesa lafiya. Sai fitowa ta gaba.